Kakar Mangwaro a Abbasiya

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa Alƙahira neman ilimi, ko ya je duba wani nasa da ke karatu a Azhar, ya san Abbasiya ko da bai kwana a cikinta ba. A nan Madinatul Bu'us take, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da aka gina a zamanin Jamal Abdul Nasir, aka fara zuba ɗalibai a cikinsa a 1959. Yaranmu Bu'us kawai suke ce mata. Ka tsaya a bakin ƙofarta bayan la'asar, za ka ga ɗan Indunisiya da ɗan Senigal da ɗan Afganistan suna fitowa, kuma ba za ka daɗe ba wani zai ɗaga murya da Hausar Sakkwato ko ta Damagaram. Zuwan mutanen yankinmu ƙasar nan ba yau aka fara ba. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makaranta da masauki a Masar, daga baya kuma aka ware wa Barebari nasu ruwaƙin a cikin masallacin Azhar.

Unguwar ta ci sunan Abbas Basha na farko, jikan Muhammadu Ali, wanda ya gina fada a wurin a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin fili ne na rairayi a bayan gari. Yau rairayin ya ɓace. Gada a sama, motoci a ƙasa, jirgi a ƙarƙashin ƙasa tun 2012, ga Masallacin Nur a bakin dandali, ga Jami'ar Ain Shams, ga babbar majami'ar Kibɗawa. Akwai kuma tsohon asibitin masu taɓin hankali, shi ya sa in ka ce wa Bamisire a Abbasiya kake zaune sai ya ɗan yi murmushi tukuna. Basakkwacen da ya san abin da ake nufi in an ce an kai wane Kware zai gane murmushin.

Bu'us masaukin marasa iyali ne. Wanda ya yi aure sai ya nemi haya a waje: wasu su tafi Hayyul Ashir a Madinat Nasr, wasu Darrasa kusa da Azhar, wasu kuma su tsaya a lungunan Abbasiya. Ɗan ƙanwata yana cikin waɗannan na ƙarshe, a saman wani tsohon bene da babu abin hawa sai matakala, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama. A wurinsu na sauka a ƙarshen watan Agusta, lokacin da a gida an daɗe da mantawa da mangwaro ana ta fama da damina. Namu na bazara ne, daga Maris zuwa Mayu, ruwa na sauka ya fara tsutsa ya tafi. Nasu sai Yuli yake shigowa, ya cika gari a Agusta da Satumba, na ƙarshensa ya kai har Nuwamba.

Kafin ka gan shi za ka ji shi. Da hantsi mai kurar jaki ko mai babur mai ƙafa uku zai shigo layi da 'yar lasifikarsa, yana ta maimaita “Manga! Manga Isma'ilawi!” Matan da ke saman bene ba sa saukowa. Kowace baranda tana da kwando ɗaure da doguwar igiya, sabat suke ce masa. Mace ta leƙo, ta tambayi kuɗin kilo da ƙarfi, ta zuro kwando da kuɗi a ciki, mai kaya ya auna ya zuba, ya sa canji a sama, ta janye abinta. Matar yaron nan ta ƙware a wannan harka har tana yi wa mutumin tsiya da Larabcinsu in ta ga ya ɗauko na ƙasan tari. Da na ce a zura kwandon a sayo mana, sai mijin ya girgiza kai.

“Kawu, na kwando na markaɗe ne. Wanda za ka ci, sai mun sauka.”

Da ɗan gari akan ci gari. Muka sauka zuwa shagon mai 'ya'yan itace da ke bakin titi, fakahani a bakinsu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina ba yawan mangwaron ba ne, don wanda ya ga kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a watan Afrilu yawa ba zai ba shi mamaki ba. Kwalaye ne. Kowane tari an soke masa ɗan kwali, an rubuta sunan irin da kuɗin kilo: Uwais, Fas, Taimur, Zibda, Sukkari, Hindi, Alfons, Siddiƙa. Ba a kasa shi kashi-kashi, sikeli ne ke magana. Babu taya, babu albarka, gyara kuwa kada ma ka sa rai. Lambobin na Larabci ne, biyar ɗinsu da'ira ce, sifiri kuma ɗigo, abin da ke rikita sababbin ɗalibai a makonsu na farko. Kuma ba ka zaɓa da hannunka. Kana miƙa hannu mai shago zai tare ka da “Ni zan zaɓa maka, ya Shaikh,” domin duk baƙin mutum mai jallabiya a Abbasiya Shaikh ne ko da jiya ya fara alifun. In kai na kullum ne ya zaɓo maka na kirki. In baƙo ne, to, Allah ya ba ka sa'a da abin da ke ƙasan leda.

Tsakanin tari da tari kuɗi yakan ninka sau biyu ko fiye, kuma mafi tsada shi ne mafi ƙanƙanta. Wannan ya saɓa wa duk abin da na sani. A wurinmu girma ake saya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, abokan yaron suka zo gaishe ni: ɗaya ɗan Zariya, ɗaya ɗan Maraɗi, ɗaya kuma daga Zangon Kumasi, mai Hausar nan tasu ta Gana da ba ta damu da namiji da mace ba. Aka ci shinkafa da miyar kuka, kukar daga gida aka zo da ita, sannan aka share wuri, aka shimfiɗa leda a tsakar ɗaki, aka fito da mangwaron daga firji a babban faranti. An ware kowane iri gefe guda don kada baƙo ya ruɗe.

Misirawa ba sa gatsar mangwaro yadda muke yi, ruwa na bin gwiwar hannu. Ɗan Zariyan ya nuna mini yadda suke yi: a zagaya tsakiyarsa da wuƙa har ta taɓa ƙwallo, a kama sama da ƙasa a murɗa, sai ya rabu biyu, ɓari ɗaya ya fito da rami, a sa ƙaramin cokali a ɗebo. Wannan ba ya yiwuwa sai da mangwaron da ba shi da zare, kuma a nan ne Uwais ya nuna kansa. Ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, ɓawonsa rawaya mai ɗan duhu, ba shi da wani kyan gani. Amma kana tsaga shi ƙamshi zai cika ɗakin. Naman lukui ne, babu zare ko ɗaya da zai maƙale a haƙori, ƙwallon kuma siriri ne. Fas ya fi shi ƙanƙanta, ƙwallonsa fale-fale ne sosai, kusan duk abin da ka biya kuɗinsa ci za ka yi. Zaƙin su biyun ya kai inda sai ka nemi ruwa.

Taimur daban ne. Kore ne mai duhu ko da ya nuna, wanda bai sani ba zai rantse ɗanye ne. Cikinsa kuwa ja-ja ne, mai santsi, kuma bayan zaƙin akwai wani ɗan tsami can a ƙarshen harshe. Ni dai shi na zaɓa, har yau kuma ban canja ba. Uwais ya fi ƙamshi, wannan babu gardama, amma mangwaron da ba shi da ko ɗigon tsami alewa ce kawai, guda biyu sun isa su gundure ka. Da na faɗi haka sai ɗan Maraɗi ya ce, “Malam, ka ji tsoron Allah, kada Bamisire ya ji ka.” Daga nan musu ya tashi. Ɗan Zariya ya ce duk abin da ke farantin nan bai kai Binta Siga da aka tsinko da safe ba. Ɗan Maraɗi ya ce shi bai ga abin da ya kai na lambunan bakin gulbi ba, wanda ake matsawa a huda a tsotse. Na Kumasi ya bar su suka gaji, sannan ya ce wannan babban da zai shigo a Oktoba, Kit, ai gonakinsa ne cike da Somanya a ƙasarsu, har Turai ake kai shi, don haka shi ba baƙonsa ba ne. Gaskiya ya faɗa. Kit asalinsa daga Fulorida ta Amurka ne, Gana da Masar duk aro suka yi.

Kowa yana kare mangwaron garinsu, amma na lura babu wanda ya ɗaga hannu daga farantin.

Mangwaro baƙo ne a Masar, kuma bai daɗe da zuwa ba. Ba ya cikin abin da Fir'aunoni suka sani. A zamanin Muhammadu Ali, farkon ƙarni na 19, aka fara kawo dashensa daga wajen Indiya, aka shuka a lambunan sarakuna da manyan gari, ya daɗe kuma yana abincin masu hali. Misirawa suna son ba da labarin Ahmad Urabi, jagoran sojan da ya yaƙi Ingilishi a 1882 aka kore shi zuwa tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, bai dawo ba sai 1901. Suna cewa ya dawo da wasu irin mangwaro daga can. Garin da ya zama gidan mangwaro kuwa, Isma'iliyya, kimanin kilomita 120 gabas da Alƙahira, shi kansa ba a kafa shi ba sai 1863, lokacin haƙa mashigin Suwez. Don ma'aikatan haƙar su sami ruwan sha aka ja wata babbar magudana daga Kogin Nilu ta ratsa sahara. Ruwan nan da rairayin wurin su suka haifi gonakin da ake kiran sunansu da lasifika a Abbasiya.

Ka tuna ƙasa ce da ruwan saman da ke sauka a babban birninta a shekara bai kai milimita 30 ba, Kano kuwa takan samu fiye da 700. Babu bishiyar da ke fitowa don kanta a Isma'iliyya. Kowace sai an dasa, an yi mata aure da reshen irin da ake so, an kai mata ruwa, an rage mata rassa, an yi mata feshi. Mutumin da ya sha wannan wahala ba zai yarda a haɗa masa Uwais da na banza a tari ɗaya ba, kuma mai saye ya san sunan, ya yarda ya biya. A ganina nan ne asirin yake, ba a ƙasa ko a ruwa ba. Suna ne ke jawo kuɗi, kuɗin kuma ya koma gona. Mu ma muna da mangwaro mai aure, muna da Binta Siga da Paparanda, amma yawancin bishiyoyinmu daga ƙwallon da wani ya yar suka fito, kuma a kasuwa in mota ta iso daga Binuwai sai a juye, na sama ya danne na ƙasa, a kasa a sayar da ido. Manomin da ya ɓata shekaru yana kula da iri mai kyau, da wanda bai taɓa zuba wa bishiyarsa ko guga ɗaya ba, kuɗinsu kusan ɗaya. Me zai sa na farko ya ci gaba? Ga kuma tsinkowa ɗanye a nunar da shi da kabayid, sinadarin nan na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. A Alƙahira mangwaro a keji yake isowa, wanda aka haɗa da sandunan reshen dabino, ko a kwali, jeri-jeri da takarda a tsakani.

Kada a ɗauka komai nasu lafiya lau ne. Bishiyar da ta dogara da kulawa ita ce kuma ta fi jin jiki in yanayi ya juya. A 2021 sanyi da zafin da suka zo ba a kan lokaci ba sun kakkaɓe furen gonakin Isma'iliyya, amfanin ya faɗi warwas, manoma da yawa suka shiga bashi. Kuma akwai abin da kwalayen nan ba sa faɗa. Yaron da aka haifa a Abbasiya bai taɓa hawa bishiyar mangwaro ba, bai taɓa jifan ɗaya da dutse mai gona ya biyo shi da gudu ba. Talakan Alƙahira Uwais kallonsa yake yi ya wuce, kowace shekara kuma tsadarsa abin barkwanci ce a bakinsu. A Zariya ko Kafancan, in kaka ta yi, almajiri ma sai ya ci ya bar saura. Ban san yadda za a sami kulawarsu ba tare da an rasa wannan ba, kuma ban ji wani a ɗakin nan ya kawo hanya ba.

Abin da ya fi burge ni a duk zaman, a kicin na gan shi. Mai gidan hayar wata dattijuwa ce da ke zaune a hawan ƙasa, kowa Hajja yake ce mata, ita kuma tana kiran matar yaron nan “ya binti”. Wajen tsakiyar Satumba, da Zibda ya yi araha, sai ta aiko a ce lokaci ya yi. Zibda babba ne, kore, mai nauyi, yana da ɗan zare, ba a cika cinsa da cokali ba; na sha ne, shi ne shagunan lemo suke markaɗawa. Aka sayo keji guda aka hau da shi. Hajja ta hawo da kanta tana haki, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta ɗaura zane a cinya. A wanke, a feraye, a yanka naman a babbar roba, sannan a kama ƙwallon a matse shi da hannu har sai ya yi fari, don a cewarta daɗin yana jikin ƙwallo. Ta barbaɗa sukari kaɗan, ba don zaƙi ba, wai don kada launin ya dushe. Sai a ɗura a ƙananan ledoji, kowace daidai shan yini ɗaya, a fitar da iska, a ɗaure, a daddanna ta yi faɗi, a jera a firiza. Ɓawon ma ba ta bari an zubar ba sai da aka kankare shi da cokali.

Wannan tanadin na azumi ne. A shekarun nan Ramadan a ƙarshen sanyi yake faɗowa, na 2025 a Maris aka yi shi, lokacin da babu mangwaro ko na magani a kasuwa. Sai uwar gida ta ciro leda ɗaya bayan la'asar, ta jefa a bilenda da ruwan sanyi ko madara, a sha ruwa da mangwaron Satumba. Kusan kowane gida mai firiza haka yake yi. Da na ce a wurinmu wuta ba za ta bari ba, sai yaron ya ce su ma sun ɗanɗana: daga bazarar 2023 zuwa ta 2024 an yi ta ɗauke wuta a Masar saboda ƙarancin gas. Bambancin, an fitar da jadawali, kowace unguwa ta san sa'arta, kuma awa biyu ko uku ba sa narkar da abin da ya daskare in ba a buɗe firizar ba.

Mangwaro ne sarki, amma ba shi kaɗai ke kan karaga ba. A kowace kusurwa akwai kurar tin shauki, ɗan wata shuka mai kaurin ganye da ƙaya wadda asalinta daga Mekziko ne. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙayoyi da ido ba ya gani sai sun shiga yatsa, don haka ba ka taɓawa. Mai kura ne zai datse kai da gindi, ya tsaga ɓawon a tsaye, ya buɗe shi da wuƙa, kai kuma ka zare naman. In na gida ne ya feraye maka goma ko ashirin a leda. Da ɗumi ba shi da wani armashi, amma in ya kwana a firji, da tsakar rana, sai ka gode wa Allah. Cikinsa tsaba ce masu tauri, ba a taunawa, haɗiyewa ake yi, kuma kowa zai ja maka kunne kada ka wuce kima, don yana ɗaure ciki ɗauri na gaske. Shi ne abin marmarin talaka.

Satumba na tsufa sai gwaiba ta shigo. Tasu fara ce, mai laushi, ta fi tamu girma, kuma kilo ɗaya in ya kwana a kicin har matakala za ka ji ƙamshinsa. Markaɗa ta suke yi da madara, a tace tsabar. Ganyenta kuma su dafa su sha don tari, har a kantin magani akwai maganin tari na ganyen gwaiba. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Ɗanyen dabino ma lokacinsa ke nan. Mu da muka saba da busasshe na Agadas, wanda sai an jiƙa ko a yi hankali da haƙori, Zaglul zai ba mu mamaki: ja ne jawur, dogo, yana ƙaras-ƙaras a baki, da ɗan bauri a ƙarshe. Samani rawaya ne. Hayani kuwa barinsa ake yi ya yi baƙi ya yi laushi, a zare ɓawon da yatsa biyu. Masar ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman dabino, fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma mafi yawansa a cikin gida ake cinye shi.

Sai ƙishɗa, wadda na daɗe ina kallo kafin a saya, saboda kuɗinta. Koriya ce mai ƙuraje-ƙuraje, kuma ba a cinta sai ta yi laushin da za ta buɗe da hannu. Ina kai ta baki na gane ta. 'Yar'uwar gwandar daji ce, dangi ɗaya ne, sai dai wannan an yi mata gata: naman fari ne, mai yawa, mai maiƙo-maiƙo. 'Yar gidan ta zauna a gabana tana karɓar ɓari-ɓari, tana tofar da baƙaƙen ƙwallayen a tafin hannuna ɗaya bayan ɗaya, tana cewa “Kaka, ƙara.” Tamu ta daji ta fi ta ƙamshi nesa ba kusa ba. Sai dai ban taɓa jin wanda ya yi gonar gwandar daji ba; makiyaya da yara ne ke cin abinsu, in birai sun rage.

Wannan tunanin ya sake dawo mini a shagon aɗɗar, masu sayar da kayan yaji da na jiƙo. Ga goruba an farfasa an cika buhu, an soke mata kwali da kuɗin kilo. Daum suke kiranta, su jiƙa ko su dafa, su tace, su sa a sanyi, a sayar a kofin gilashi, musamman da azumi. Tsohuwar aba ce a wurinsu, har a kabarin Fir'auna Tutankamun an sami kwandunanta. Ga zoɓo na Aswan da na Sudan, ga tsamiya, ga aya, ga kurna a lokacinta. Rake kuwa ba sa wahalar da haƙori, inji ne ke matse shi nan take a miƙo maka da kumfa. Duk abin da muka taso muna ɗauka na yara ne a bakin makarantar allo, a nan yana da shago da sikeli. Ko da yake yanzu a Kano ma an fara ganin ruwan goruba a gora, kuma ya kamata a ce an daɗe da farawa.

Abin ya kan juya kuma. Abarba da kwakwa, waɗanda mai baro ke yankawa a kowace kwana a Sabon Gari, a nan sai manyan kantuna, daga waje ake shigo da su, ɗalibi ba ya ko tambaya. Gwanda da wuya ka gan ta. Da hirarmu ta ranar Juma'a ta kai nan sai ɗakin ya koma lissafin abin da babu: agwaluma, ɗinya, kanya, tsada, taura, giginya. Mai zuwa daga gida yakan cika jaka da kilishi da yaji da kuka da daddawa, amma waɗannan ba sa jure tafiya, kuma ba kowane lokaci ake samunsu ba. Ɗan Maraɗi ya ce rabonsa da ɗinya tun kafin ya fara gemu.

Wani abu da zama da su ya koya wa yaranmu shi ne cin 'ya'yan itace ba tare da dalili ba. A gida sai azumi, ko an je dubiya asibiti, ko mai ciki ta yi kwaɗayi. Bamisire kuwa bayan abinci sai an kawo faranti, kuma ba ya zuwa gidan mutane hannu rabbana, sai da ledar abin da ake yayi. Ɗalibanmu sun ɗauki wannan, sai dai aljihu ba ya ba su haɗin kai. Naira ta faɗi a Yunin 2023, fam ɗin Masar ya bi bayanta a Maris 2024, daga wajen 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50 a yini guda, kaya suka tashi. Wanda ake aiko wa kuɗi daga Kano ya sha duka ta gaba da ta baya. Dabararsu ita ce su jira dare, lokacin da fakahani ke ware waɗanda suka ɗan bugu ya karya kuɗinsu, ko kuma mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, ɗaya ya yi sammako zuwa kasuwar Ubur da ke kan hanyar Isma'iliyya, inda ake sayar da sari, ya ɗauko keji a raba.

A tagar ɗakin ɗan Zariyan nan na ga an jera ƙwallayen Uwais da na Zibda a kan jarida. Wai zai ba wani mai komawa gida ya kai wa mahaifinsa a shuka a bayan gida. Ba shirme ba ne gaba ɗaya. Mangwaro iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai wanda ƙwallonsa tsiro ɗaya yake fitarwa, kamar Kit da Alfons. Wannan in ka shuka ba ka san abin da zai haifa ba, sai dai aure. Akwai kuma wanda ƙwallo ɗaya ke fitar da tsiro da yawa, mafi yawansu kuma su ɗauko uwar sak, Zibda na cikinsu. Matsalar, ƙwallon mangwaro ba ya son bushewa, 'yan makonni kaɗan ya mutu, shi kuwa ya baza nasa a rana. Sannan shigar da iri ƙasa ba a yin sa a aljihun jallabiya, akwai hukumar killace kayan gona a filin jirgi, kuma da dalili, don da haka cututtukan gona suke ƙetare iyaka. Hanyar da ta dace ita ce ta masu binciken lambu, irin cibiyar NIHORT da ke da reshe a Bagauda, su kawo reshe da izini, su gwada shi a ƙasarmu da hunturunmu, su ga ko zai yi fure yadda yake yi a bakin Suwez.

Na faɗa masa duk wannan, ya saurara da ladabi, ya ce, “Haka ne, Malam,” ya tashi ya kwashe ƙwallayen daga rana ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Ɗan Maraɗi ya ce masa ko da sun tsira, bishiyar ƙwallo sai ta shekara biyar ko shida kafin ta yi ɗan fari. Shi kuwa ya ce ai bai ga abin gaggawa ba, tunda yanzu yake shekara ta biyu a Kulliyar Shari'a, kuma Baba ya riga ya ce kada ya dawo sai da digiri na biyu.